Mai Jirgi da Mai Tsayawa a Gaɓa

 

Jawabinmu na kimiyya na yau wata wasiƙa ce ta jawo shi. Wani ɗan'uwanmu Bahaushe, wanda ke aiki a wani gari na bakin teku a kudancin Ingila, ya rubuto mana ya ce shekararsa biyu ke nan yana zuwa jefa fatsa a teku ran Asabar, don ya warware gajiyar mako. Yanzu ya tara 'yan kuɗi, waɗanda da ma ya yi niyyar aikawa gida a ci gaba da ginin da ya soma. Abokansa kuwa sun dame shi, suna ce masa wanda ba shi da jirgi ba kifi ya ke kamawa ba, jiƙa zare kurum ya ke yi. Shi ne ya tambaye mu, ya ce, "Malam, in sayi jirgin nan, ko kuwa in ci gaba da tsayuwata a gaɓa?"

Tambayar kamar ƙarama, amma ba ta amsuwa sai an taɓo wata da rana, da nauyin ruwa, da sanyinsa, da kuma lissafin aljihu. To, bari mu bi ta daki daki.

Da fari dai ya kamata mu yi wa na gida bayanin wannan al'ada. A ƙasashenmu kamun kifi sana'a ce ta gado. Sarkawan Kwara, da Kabawan Argungu, da Buduma na Tafkin Chadi, in sun ɗauki koma ko homa, abin miya su ke nema, ko abin kai wa kasuwa. A nan kuwa akwai dubban mutane da ke kamun kifi don nishaɗi kawai. Likita ne, direban bas ne, tsoho ne mai cin fansho, ka gan shi ya yini a bakin ruwa da sandarsa, in ya kama kifi ya auna tsawonsa, ya ɗauki hotonsa, sau da yawa kuma ya mai da shi ruwa. Abin ya daɗe, gama tun a shekarar 1653 wani mutum mai suna Izaak Walton ya wallafa littafi sukutum a kan daɗin jefa fatsa, har yanzu kuwa ana buga shi.

A shekarar 2012 hukumar binciken kifi ta gwamnati, wadda a ke kira Cefas, ta yi ƙidayar masu wannan sha'awa a teku. Ta sami mutum wajen 884,000 a Ingila kaɗai. Da aka haɗa kwanakin da suka yi suna fatsa cikin shekarar, aka sami kusan miliyan 4. Daga ciki kusan miliyan 3 a gaɓa aka yi su, wajen miliyan 1 cikin jiragen da mutane suka mallaka ko suka ara, sauran ɗan abin da ya rage kuma cikin jiragen haya masu matuƙi. Ashe ke nan mai wasiƙarmu yana cikin mafi rinjayen jama'a, abokansa ne 'yan tsiraru.

To, me mai tsayawa a gaɓa ke iya kaiwa gare shi? Ya kan ɗaura dalma mai nauyin giram 150 ko makamancin haka a bakin zarensa, ya wurga. Gwani ya kan kai mita 100, ko 150 in ya ƙware ƙwarai, amma yawancin mutane ba su kai haka. Ku gwada wannan da faɗin teku. Mashigin ruwan da ya raba Ingila da Faransa, a Dover inda ya fi ƙunci, ya kai kilomita 33. Wanda ya dubi wannan sai ya ce mai gaɓa gefen akushi kurum ya ke lasa, tuwon na can tsakiya.

Amma masanan teku sun nuna ba haka abin ya ke ba. Kusan duk abincin da ke cikin teku asalinsa daga tsire-tsire ne, mafi yawansu ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Tsiro kuwa, na tudu ne ko na ruwa, ba ya rayuwa sai da hasken rana da taki. A wurin da ruwa ba shi da zurfi haske na kaiwa har ƙasa, koguna kuma na kwararo da taki daga gonaki da duwatsu. Saboda haka bakin teku kamar fadama ya ke, tsakiyar manyan tekuna kuwa wurare da yawa kamar hamada. Mafi yawan kifin da a ke kamawa a teku daga ruwan da ke kusa da ƙasa a ke kamo shi. Cikin yashi da laka na gaɓa akwai tsutsotsi manya manya, da ƙaguwa, da jatan lande, da katantanwa iri iri. Bakin koguna kuma nan ne 'ya'yan kifi ke girma. Inda abinci ya ke kuwa, nan mai ci ke zuwa.

Abin da ke kawo kifi ga wannan abinci shi ne cikowar teku da janyewarta. Ku da ke zaune nesa da teku, sai ku ƙaddara wani kogi ne wanda ke kawo ruwa ya cika maƙil, sa'an nan ya janye, sau biyu kowace rana, rani da damina. Dalilin haka, kamar yadda Isaac Newton ya bayyana a 1687, shi ne wata na jan ruwan duniya, rana ma na ja, ko da ya ke nata jan bai kai rabin na wata ba saboda nisanta. Tsakanin cikowa ɗaya da mai bi mata akwai awa 12 da minti 25. Don haka kullum lokacin ya kan ja baya da misalin minti 50, daidai yadda fitowar wata ke jinkiri kowane dare.

Mu da muka saba da lissafin watan sama, wannan ilmi ba zai ba mu wuya ba. Sa'ad da wata da rana suka yi layi ɗaya da duniya, jansu ya kan haɗu, ruwa ya ciko ƙwarai ya kuma janye ƙwarai. Wannan na faruwa ne wajen kwanakin da mu ke duban tsayuwar wata, da kuma kwana ɗaya ko biyu bayan daren sha huɗu. Wajen bakwai ga wata ko takwas, da wajen ashirin da biyu ko da uku, jan nasu ya kan saɓa, sai motsin ruwa ya yi rauni. Girman abin kuma ya bambanta daga wuri zuwa wuri. A Jidda bambancin cikowa da janyewa bai kai mita ɗaya ba, har mutum ya daɗe a can bai kula ba. Amma a mashigin Bristol, a yammacin Ingila, ya kan kai mita 14, watau ya fi tsawon bene mai hawa huɗu.

In ruwa ya soma cikowa ya kan rufe filin yashin da ɗazu ya ke a bushe. Tsutsotsi su leƙo daga ramukansu, ƙaguwa ta fito, raƙuman ruwa su tone abin da ke ɓoye. Kifi kuwa na biye da bakin ruwan, kamar yadda balbela ke bin garken shanu. Akwai wani kifi mai farin jiki da Turawa ke kira bas, wanda 'yan fatsa ke ji da shi ƙwarai. Shi ya kan shigo har ruwan da bai wuce gwiwa ba, balle da dare in babu hayaniya. Sau da yawa sabon shiga ya kan yi ta ƙoƙarin wurga dalma can nesa, alhali kifin na kiwo kusa da ƙafafunsa. Da bazara ta Turai garken kifin makarel, wanda a kasuwannin Nijeriya a ke ce wa taitus, su kan koro ƙananan kifaye har bakin tsakuwa. Da hunturu kuma, bayan iska ta kaɗa ta dama ruwa, kifin kod ya kan matso gaɓa a wurare irin su Dungeness da Chesil. Kod shi ne kifin nan da mutanen Norwe ke busarwa ya yi tauri kamar itace, a kai shi kasuwanninmu.

Saboda haka gwanin gaɓa ba da ƙarfin hannu ya ke kamu ba, da sanin wuri ne da lokaci. Ya kan je bakin teku sa'ad da ruwa ya janye sarai, ba da sanda ba, ya zaga ya duba inda kwari ya ke, da inda duwatsu su ke, da inda tsutsa ta yi yawa. In ruwa ya dawo ya rufe kome, shi ya riga ya san inda zai jefa. Ba ya bin kifi, ya san hanyar da kifi zai biyo, ya je ya tare.

Yanzu kuma sai mu ba mai jirgi haƙƙinsa, gama abokan mai wasiƙarmu ba ƙarya zalla suka yi ba. Akwai kifayen da ba su zuwa gaɓa in sun girma. A ƙarƙashin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa akwai ɗaruruwan jiragen da suka nutse, da yawansu a yaƙin 1914 da na 1939. Kowannensu ya zama kamar tsauni a tsakiyar fili, ciyayin ruwa sun lulluɓe shi, ƙananan kifaye na fakewa, manya na farauta. Littafin da a ke rubuta manyan kifayen da aka kama da fatsa a Biritaniya ya nuna bambancin. Akwai wani kifi dogo mai kama da gaiwa, ana kiransa kwanga. A 1995 an kama wani daga jirgi a wajen gaɓar Devon mai nauyin laba 133, watau kilo 60, alhali babban da aka rubuta daga gaɓa laba 68 ne. Kod kuma, wanda aka kama daga jirgi a Whitby a 1992 ya kai laba 58, wanda aka kama daga gaɓa a Barry a 1966 kuwa laba 44. Amma ku lura da bas: na jirgi da na gaɓa duka sun ɗara laba 19 da kaɗan, kusan kunnen doki. Watau amfanin jirgi ya danganta ga irin kifin da mutum ke nema.

Ban da nisa, mai jirgi na da ido a ƙarƙashin ruwa. Sauti na tafiya cikin ruwan teku misalin mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya, fiye da ninki huɗu na saurinsa cikin iska. Akwai na'urar da ke aika ƙara zuwa ƙasa, ta saurari amsa-kuwa, ta lissafta zurfi. In zurfin mita 30 ne, ƙarar za ta je ta dawo cikin kashi ɗaya daga 25 na daƙiƙa. Bayan nutsewar jirgin Titanic a 1912 aka duƙufa ga binciken wannan dabara, a 1948 kuma wasu 'yan'uwa biyu a Japan, masu suna Furuno, suka soma sayar da irin wadda ke nuna kifi. A yau ƙaramin jirgi ma na da ita, tare da na'urar GPS mai karɓar saƙon taurarin ɗan Adam, wadda ke iya mai da mutum daidai kan jirgin da ya nutse, ko da babu wata alama a bisa ruwa.

Abin da ya sa na'urar ke ganin kifi sosai shi ne wata jakar iska da ke cikin yawancinsu, wadda ke hana su nutsewa ko tasowa ba da sonsu ba. Wannan jaka kuwa ita ce ke jawo wata ɓarna da mai gaɓa bai cika gani ba. Kowace mita 10 da aka nutsa, ruwa na ƙara dannawa da nauyi daidai da na dukan iskar da ke bisa kanmu. A zurfin mita 30 dannawar ta zama ninki huɗu. Tun 1662 Robert Boyle ya nuna in aka rage dannawa, iska ta kan buɗe gwargwadon abin da aka rage. To, in aka fizgo kod ko ɗan'uwansa daga mita 30 cikin minti ɗaya ko biyu, iskar jakarsa za ta nemi ninkuwa huɗu. Jakar ta kan fashe, ko ta turo tumbin kifin ta baki, idanunsa su firfito. In aka mai da shi ruwa ba ya iya nutsewa, sai ya yi ta yawo a sama har tsuntsayen teku su cinye shi. Makarel da kifaye masu faɗi da ke kwance a ƙasa ba su da jakar, don haka abin bai shafe su ba. A wasu sassan tekun Amurka, tun 2020 doka ta wajabta wa masu jirgi su riƙe wata na'ura mai nauyi da ke mai da kifi zurfinsa kafin ta sake shi.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin kifi ya ragu. Tun 2015 aka hana riƙe bas wanda bai kai santimita 42 ba, aka kuma ƙayyade yawan da mai nishaɗi zai kai gida, da watannin da ba ya riƙe ko ɗaya. Ƙidayar nan ta 2012 ta nuna masu gaɓa na mai da wajen kashi uku cikin huɗu na abin da suka kama, masu jirgi kuwa wajen rabi. Kifin da aka saki daga ruwa marar zurfi, in an yi masa a hankali, ya fi samun rai. Mu da addini ya hore mu da barin ɓarna da tausayin dabba, ya kamata mu sa wannan a ma'auni.

Sai maganar kuɗi. A Ingila ba a biyan lasin don jefa fatsa a teku, sai a koguna da tafkuna. Mai gaɓa in ya sayi sanda da zare da ƙugiya da rigar sanyi, ya gama, sai kuɗin mota da na tsutsa. Mai jirgi kuwa ranar saye ce farkon biya. Zai biya wurin ajiya, da inshora, da mai, da gyaran inji. Ruwan gishiri na cin ƙarfe dare da rana, har sai an liƙa wa jirgi gutsattsarin tutiya don gishirin ya ci su a maimakon injin, dabarar da Humphry Davy ya gano a 1824. Ƙananan halittu kuma na manne wa gindin jirgi su rage masa gudu, sai an fito da shi an kankare an shafa fenti. Masu jirage na da wani lissafi na al'ada, wai kowace shekara ka ware ushirin kuɗin jirginka don riƙonsa.

Amma babban abin da mai saye ke mantawa shi ne iska. A 1805 wani hafsan sojan ruwa, Francis Beaufort, ya tsara ma'aunin ƙarfin iska daga sifiri zuwa 12. Ƙaramin jirgi mai tsawon mita 5 ba ya jin daɗin teku in iska ta kai mataki na 5, watau misalin kilomita 30 zuwa 38 a awa, irin wannan iska kuwa ba baƙuwa ba ce a tsibirin nan. Ma'aikaci Asabar da Lahadi kaɗai gare shi. A cire ranakun iska, a cire na hazo, a cire ranar da ruwa bai kai a tura jirgi ba sai tsakar dare, a cire ta suna da ta ɗaurin aure da ta rashin lafiya, a cire watan azumi ga wanda ba ya son wahala. Bari mu yi misali, ba ƙidaya ba. A ce riƙon jirgi da mai sun ci fam 2,000 a shekara, mai shi kuma ya sami fita sau 10. Kowace fita ta tsaya masa fam 200 ke nan, ban da kuɗin da ya saya. Iskar nan kuwa da ta tsare mai jirgi a gida, ita ce ke dama ruwa ta koro kifi wajen mai gaɓa.

Akwai hanya ta tsakiya. A garuruwa irin su Weymouth da Brixham da Whitby akwai jiragen haya, mutum takwas ko goma su haɗa kuɗi, matuƙi mai takardar shaida ya kai su inda ya sani, ya dawo da su. Wasu kuma su kan haɗu su uku ko huɗu su sayi jirgi guda. Fita cikin jirgin haya na da wani amfani kuma, gama a nan mutum zai san ko cikinsa na jure teku. Amai da jiri na jirgi na zuwa ne sa'ad da ma'aunin daidaito da ke cikin kunne ya ce ana motsi, ido kuwa ya ce a tsaye a ke, ƙwaƙwalwa ta rikice. Duban inda sama ta haɗu da ruwa na rage shi, amma akwai waɗanda ba ya barinsu har abada. Gara mutum ya gane haka da kuɗin yini ɗaya, da ya gane bayan ya zuba tarin shekara uku.

Mun bar magana mafi nauyi a ƙarshe, ita ce ta rai. Hausawa na cewa iya ruwa fid da kai. Gaskiya ne a Kwara ko Binuwai, inda ruwa ke da ɗumi. Tekun Ingila kuwa a ƙarshen hunturu ba ta wuce digiri 6 zuwa 10 a ma'aunin Selsiyus, ko a tsakiyar zafinsu da ƙyar ta ke wuce 18. Binciken da Farfesa Mike Tipton da abokan aikinsa suka yi a Portsmouth ya nuna cewa wanda ya faɗa ruwan da bai kai digiri 15 ba, farat ɗaya jikinsa zai ja dogon numfashi ba da izninsa ba, sa'an nan ya yi ta haki na misalin minti ɗaya ko fiye, zuciya na bugawa da ƙarfi. In kansa na cikin ruwa a lokacin jan numfashin nan, shi ke nan. In ya tsallake wannan, cikin 'yan mintoci hannuwansa za su mutu, ya kasa riƙe igiya. Gwanin iyo da wanda bai iya ba kusan ɗaya su ke a minti na farko. Abin da a ke horo da shi shi ne kada mutum ya yi kokawa da ruwa, ya kwanta rigingine, ya buɗe hannuwa da ƙafafu, har numfashinsa ya daidaita. Abin da ya fi wannan kuma shi ne rigar ceto, a jiki, a ɗaure, tun kafin a bar gaɓa.

Wani abin mamaki, a Biritaniya doka ba ta tilasta wa mai ƙaramin jirgin nishaɗi ya ci wata jarrabawa kafin ya shiga teku ba. Mai kuɗi na iya saye yau ya fita gobe. Mutanen ƙasar sun san abin da teku ke yi, shi ya sa tun 1824 Sir William Hillary ya kafa ƙungiyar jiragen ceto da a ke kira RNLI, wadda yawancin ma'aikatanta 'yan sa kai ne, kuɗinta kuma sadakar jama'a. Sa'ad da ta cika shekara 200 a 2024, ta ceci rayuka fiye da 140,000. Haka kuma bayan jirgin Royal Charter ya tarwatse a gaɓar Anglesey a 1859, mutum fiye da 400 suka halaka, Robert FitzRoy ya soma ba da gargaɗin hadari a 1861. Daga nan aka gaji labarin yanayin teku da a ke karantawa a rediyo kullum har yau. Wanda bai iya sauraronsa ya fahimta ba, bai isa riƙe jirgi ba tukuna.

Kada kuma mai gaɓa ya ce shi ya tsira. Ruwa ba ya cikowa da sauri ɗaya. In aka kasa cikowar kashi 12, awa ta fari na kawo kashi 1, ta biyu 2, ta uku 3, ta huɗu 3, ta biyar 2, ta shida 1. Watau rabin ruwan duka cikin awa biyu na tsakiya ya ke zuwa. A inda bambancin ya kai mita 12, ruwa na hawa santimita 5 kowane minti a lokacin nan, a shimfiɗaɗɗen yashi kuwa ya kan zagayo ta kwari ya datse wa mutum hanya ta baya, yana can yana duban gaba. A watan Fabrairu na 2004, a Morecambe, ruwa ya rutsa da ma'aikata 'yan ƙasar Sin masu tsintar katantanwar teku da dare, aƙalla 21 suka rasu. Masu tsayawa kan duwatsu kuma, raƙumin ruwa guda ya isa ya share mutum. Don haka shi ma sai ya duba jadawalin ruwa, ya sa rigar ceto in kan dutse zai hau, ya gaya wa iyalinsa inda za shi da lokacin dawowarsa. Wanda ya ga wani cikin haɗari ya buga 999 ya nemi masu gadin gaɓa.

To, Malam mai wasiƙa, ga amsarmu. Jirgi na ƙara wa mutum nisa, amma ba ya ƙara masa sani. Wanda bai iya karanta ruwa a gaɓa ba, in ya shiga jirgi jahilcinsa kurum ya kai wuri mai zurfi. Shawararmu ita ce ka ƙara shekara guda a gaɓa, ka sami ɗan littafi kana rubuta kwanan wata na sama, da lokacin ruwa, da inda iska ta fito, da abin da ka kama. Cikin shekarar ka shiga jirgin haya sau biyar ko shida, har da ranar da teku ba ta kwanta sosai ba. Ka ƙidaya Asabar nawa ne iska za ta bar ƙaramin jirgi ya fita. In bayan wannan zuciyarka na nan a kan bakanta, ka je ka koyi tuƙi da amfani da rediyon jirgi wurin masu koyarwa, sa'an nan ka nemi abokan haɗin gwiwa masu hankali. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin gini kuwa, mu dai a ganinmu, a bar su su tafi gida, gama teku na nan ba inda za ta, wata kuma zai ci gaba da kawo maka ita har gabanka sau biyu kowace rana, ba ko kwabo.

A nan za mu dakata. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan kifin nan salmon, da yadda ya ke gane kogin da aka haife shi bayan ya yi shekaru a teku. Wanda ke da tambaya ya rubuto mana. Ku huta lafiya.